FASHIN BAƘI: Masana'antar takin da ke maƙale a saiwar wake da gyaɗa, da sharuɗɗan aikinta a gonakin Kwandiko

Iskar da ke bisa kowace hekta ɗaya ta gonakin Kwandiko, a Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, tana ɗauke da sinadarin naitirojin da nauyinsa ya haura tan 70,000. Shi ne dai sinadarin da manomi kan sayar da akuya ko tunkiya domin ya same shi a buhun yuriya, alhali buhun mai kilo 50 ba ya ɗauke da fiye da kilo 23 nasa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma masara kan yi rawaya ta tsumbure a tsakiyar damina saboda rashinsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Dalili kuwa shi ne naitirojin ɗin iska a ɗaure yake. Ƙwayoyin zarrarsa biyu-biyu suke tafiya, kuma ɗaurin da ke tsakaninsu yana cikin mafiya ƙarfi da masana sinadarai suka sani. Babu shukar gona da ke iya kwance shi da kanta. Masana'antu suna kwance shi ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar a Jamus, wadda aka fara aiki da ita a 1913. Tana buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500, da matsi mai ninka na iskar sarari sau 150 ko fiye, da gas mai ɗimbin yawa. A kan wannan hanyar masana'antar Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme suka dogara wajen sarrafa yuriya, shi ya sa farashinta ke bin sawun gas da dala.

Akwai kuma wata masana'antar ta daban, wadda girmanta bai wuce ƙwayar dawa ba, tana yin wannan aikin a cikin danshin ƙasa, ba wuta ba hayaƙi. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya gan ta: ƙananan ƙullutai ne jere a jikin saiwa, waɗanda wasu kan ɗauka cuta ce ta kama shuka. Fiye da shekara 130 ke nan masana na bincike a kansu. Tun da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki naira a 2023, taki ya ƙara fin ƙarfin ƙaramin manomi, tambayar ta tashi daga ɗakin gwaji ta shigo gona: nawa ne ainihin abin da ƙullutan nan ke bai wa ƙasa, kuma bisa wane sharaɗi?

Abin da manoma suka riga masana lura da shi

A kudancin Jigawa, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, Sara da Basirka, inda ruwan sama ya ɗara na arewacin jihar, da wuya a ga gonar tudu da iri ɗaya tak a cikinta. Ana gicciya gero ko dawa, a cike tsakani da gyaɗa, a biyo da wake idan damina ta zauna, mata kuma su yi gurjiya a ɗan gefe. Tsofaffin manoma sun daɗe da sanin cewa dawar da ta gaji gyaɗa a gona ta fi wadda ta gaji 'yar'uwarta dawa kyawun kai. Manoman Rum da na Sin ma sun lura da haka tun kafin a ƙirƙiro madubin ganin ƙananan halittu.

Dalilin ne ya ɗauki lokaci kafin a gano shi. A 1838 wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Boussingault ya auna ya ga cewa dangin wake na tara naitirojin fiye da abin da aka ba su, alkama kuwa ba ta yi. Sai a 1886 Jamusawa biyu, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka warware zancen. Sun shuka iri a cikin yashin da aka kashe duk wata halittar da ke cikinsa, dangin wake suka tsumbure kamar kowa. Da aka zuba musu ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar gona a ciki, sai ƙullutai suka fito a saiwa, shukar ta murmure. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware halittar da ke cikin ƙullutun ya rene ta a ɗakin gwaji. Bakteriya ce, aka raɗa mata suna Raizobiyum, wato mai rayuwa a saiwa. Ba a kai ga 1900 ba har an fara sayar da ita ga manoma a Jamus.

Ba ni gishiri in ba ka manda

Ciniki ne tsakanin halittu biyu, kuma shuka ce ke fara taya shi. Idan ta ji yunwar naitirojin, saiwarta kan tsatso wasu sinadarai a cikin ƙasa, tamkar sallama. Bakteriyar da ta gane wannan sallamar sai ta amsa da nata sinadarin, wanda masana a birnin Tulus na Faransa suka tantance ƙirarsa a 1990. Idan amsar ta dace, siririn gashin da ke jikin saiwa sai ya lanƙwashe ya rungume bakteriyar, shukar ta gina mata wata 'yar siririyar hanya zuwa ciki, a daidai lokacin da naman saiwar ke kumbura yana zama ɗakin saukar baƙi. Wannan ɗakin shi ne ƙullutun. Idan amsar ba ta dace ba, ƙofa a rufe take, ko da kuwa bakteriyar ta cika ƙasar gonar maƙil.

Gyaɗa tana da tata hanyar. Ita ba ta gashin saiwa take karɓar baƙuwarta ba, ta 'yar tsagar da ke samuwa inda ƙaramar saiwa ta ɓullo daga jikin babba ake shiga. Shi ya sa ƙullutan gyaɗa ƙanana ne, masu yawa, kuma a hammatar saiwoyi suke zama.

Da zarar bakteriya ta zauna a ciki sai ta sauya kama, ta duƙufa ga aiki guda. Tana da wani sinadarin aiki da ake kira naitirojines, mai ɗauke da ƙarfe da molibdinam, shi ke kwance ɗaurin nan ya mai da naitirojin ɗin iska amoniya, wadda shuka ke gina furotin da ita. Ita kuma shukar tana biya da sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Farashin ba kaɗan ba ne, domin kowane giram ɗaya na naitirojin kan ci mata giram da dama na sukari.

A nan akwai wata sarƙaƙiya mai ban sha'awa. Iskar oksijin tana lalata naitirojines nan take, amma bakteriyar ba ta iya aiki sai da numfashi, numfashi kuwa sai da oksijin. Maganin da shukar ta samo shi ne ta kewaye ƙullutun da katangar da ke rage shigar iska, sannan ta cika cikinsa da wani sinadari ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja. Shi ke kama oksijin ya miƙa wa bakteriyar daidai abin da take buƙata, ba tare da ya bari ya yi yawo ya yi ɓarna ba.

Wannan jan launin shi ne ya bai wa manomi hanyar binciken gonarsa da kansa, ba sai ya je Samaru ba. Mako biyar zuwa bakwai bayan shuka, daidai lokacin da wake ke shirin fure, sai a haƙo tushe uku ko huɗu daga sassa daban-daban na gonar. Haƙowa ake yi da fartanya, domin idan aka fizge ƙullutan kan zube a cikin ƙasa. A wanke saiwar, a tsaga ƙullutu da reza ko farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, masana'anta na aiki. Idan fari ne, ko dai bai nuna ba tukuna, ko kuma baƙuwar ci kawai take yi. Idan kore ne ko baƙi-baƙi, ya tsufa ya ajiye aiki. Ana kuma bambance shi da kumburin da wata ƙaramar tsutsar ƙasa ke haddasawa, irin wanda aka saba gani a saiwar tumatir da kuɓewa: ƙullutun kirki a gefen saiwa yake maƙale, ana murza shi ya fita, kumburin cuta kuwa naman saiwar ne da kansa ya kumbura.

Shuka ba ta yin wannan cinikin don kara. A 2003 Toby Kiers da abokan aikinta a Amurka suka hana wasu ƙullutan waken suya samun naitirojin ɗin iska, ta yadda bakteriyar ciki ta kasa biyan komai. Sai shukar ta rage musu oksijin, yaɗuwarsu ta ragu idan aka kwatanta da ta ƙullutan da ke aiki. Haka nan idan shukar ta tarar da wadataccen naitirojin a cikin ƙasa, ba ta ɓata sukarinta a kan baƙi. Ƙofa take rufewa, ƙullutan da ke akwai ma su yi sanyi. Ma'anar wannan ga manomi a fili take: wanda ya zuba wa wake ko gyaɗa yuriya da yawa ya yi asara biyu, ya sayi abin da da kyauta zai samu, ya kuma kashe masana'antar da ke samar da shi. Ɗan kaɗan a farkon tsiro, a ƙasar da ta gaji ƙwarai, shi ne iyakar abin da ake yarda da shi.

Waken suya baƙo ne

Wake da gurjiya 'yan asalin Afirka ne, sun tashi tare da bakteriyar da ke cikin ƙasar nan, sun san yaren juna. Gyaɗa daga Kudancin Amurka ta zo, amma ta yi sa'a bakteriyar da ke hulɗa da wake ta karɓe ta. A kan wannan zumuncin aka gina dalar gyaɗa ta Kano, a zamanin da takin zamani bai kai ga yawancin manoma ba. Da shi ne kuma Najeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace noman wake a duniya, Nijar na biye mata.

Waken suya, wanda yanzu awara da masu haɗa abincin kaji suka ɗaga darajarsa a kasuwanni irin na Sara, shi daga Sin ya fito, kuma mai zaɓen aboki ne. Irin da aka kyautata a Amurka ba ya sauraron bakteriyar ƙasar Afirka. A ƙarshen shekarun 1970, masanan Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, da ke Ibadan suka yanke shawarar bi ta wata hanyar: maimakon a riƙa kai wa manomi bakteriya, a samar da irin da ba ya zaɓe. Daga nan aka samu jerin irin da sunansu ke farawa da TGx, ciki har da TGx 1448-2E wanda ya bazu a Kaduna da Kano. Dabarar ta yi aiki, waken suya ya samu gindin zama a Arewa ba tare da an shafa masa komai ba.

A Brazil kuwa ɗaya hanyar aka bi. Johanna Döbereiner ta dage tun shekarun 1960 cewa a gina noman waken suyar ƙasar a kan bakteriya, kada a gina shi a kan takin naitirojin. Yau Brazil ce kan gaba a duniya a wannan noman, kusan ba tare da yuriya ba, abin da ke rage wa manomanta kashe biliyoyin daloli kowace shekara. A 2025 Mariangela Hungria ta hukumar binciken noma ta Embrapa, wadda ta ɗora a kan wannan aikin, ta karɓi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya.

Tambayar da ta rage ita ce ko irin da ba ya zaɓe zai ƙara yabanya idan aka haɗa shi da zaɓaɓɓiyar bakteriya. Shirin N2Africa, wanda Farfesa Ken Giller na Jami'ar Wageningen ya jagoranta daga 2009 zuwa 2019 da tallafin Gidauniyar Gates, ya gwada haka a gonakin manoma na ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya. A gwajin da aka yi a 2011 da 2012 a jihohin Kaduna da Kano, maƙwabciyar Jigawa, wanda Esther Ronner da abokan aikinta suka wallafa a 2016, gonar waken suyar da ba a yi wa komai ba ta bayar da kusan tan ɗaya a hekta. Shafa wa iri bakteriya ya ƙara kimanin kilo 450. Takin supa shi kaɗai ya ƙara kusan haka. Da aka haɗa biyun, ƙarin ya haura kilo 750.

Waɗannan alƙaluman matsakaici ne, kuma matsakaici kan ɓoye abubuwa. A wasu gonakin amfanin ya ƙaru sosai, a wasu ko alama ba a gani ba. Giller kan bayyana abin da cewa sakamakon ya dogara ga abu huɗu a tare: irin shukar, irin bakteriyar, yanayin ƙasa da ruwa, sai kulawar manomi. Idan ɗaya ya gaza, sauran ukun ba sa rufa masa asiri. Manomin da ya makara da shuka ko ya bar ciyawa ta rufe gona, babu garin bakteriyar da zai fisshe shi.

Shi kansa wake, wanda aka daɗe ana cewa ba ya buƙatar a kai masa bakteriya, gwaje-gwajen da aka yi a arewacin Ghana da wasu nau'o'in da aka zaɓo a Brazil sun nuna yana iya ƙara amfani. Abin da wannan ke nunawa shi ne yawan bakteriya a ƙasa daban, ƙwazonta daban. Saiwa kan cika da ƙullutai, amma rabinsu 'yan cin arziki ne.

Yunwar da ba a gani

Abin da ya fi fitowa fili daga waɗannan gwaje-gwajen, ga yanki irin na Gwaram da Birnin Kudu, shi ne matsayin sinadarin fosfaras. Ƙasar tudun Arewa tana da ƙarancinsa tun asali, shekarun noma ba hutu sun ƙara tatse shi, ga shi kuma ƙullutu na cinsa fiye da yawancin sassan shuka, domin da shi ake juya ƙarfin da aikin ke buƙata. Bakteriya na iya jawo naitirojin daga iska, amma babu fosfaras a iska. Dole daga ƙasa, ko taki, ko buhu zai fito.

Al'adar da aka saba kuwa ita ce duk ɗan kamfar da aka samu masara da shinkafa ake zuba wa, a bar wake da gyaɗa su yi ta kansu, a kan cewa ba sa son taki. Rabin gaskiya ce. Yuriya ce ba sa buƙata, supa kuwa suna matuƙar buƙata, gyaɗa ma har ta fi, domin supa na ɗauke da sinadarin kalsiyam da farar wuta waɗanda ke taimaka mata cika kwanso. Abin takaici, supa ita ce takin da ya fi wuyar samu a ƙananan kasuwanni. Shirin takin Shugaban Ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, wanda ya sa buhu a kan naira 5,500, a kan kamfa ya ta'allaƙa. Dillali kuma abin da ake nema yake sarowa, manomi ba ya neman abin da ba a taɓa nuna masa amfaninsa ba.

Ina harawa ta tafi?

A nan ne lissafin ya fi tsauri, kuma nan ne masu tallar noman wake suka fi yin shiru. Naitirojin ɗin da ƙullutu ya kamo ba a ƙasa yake zuba shi ba, sama yake hawa ya shiga ganye, daga ganye ya tare a ƙwaya. Saboda haka geron da ke tsaye kusa da wake a damina ɗaya kaɗan yake samu daga gare shi. Mai cin gajiyar shi ne abin da aka shuka a shekara mai zuwa, shi ma gwargwadon abin da aka bari a gonar.

A ɗauki misalin hekta ɗaya da ta bayar da tan ɗaya na wake da tan biyu na harawa. Ƙwayar na ɗauke da kimanin kilo 35 na naitirojin, harawar kuma wajen kilo 40. Jimilla kilo 75 ke nan, fiye da abin da ke cikin buhu uku na yuriya. A ce kashi biyu cikin uku daga iska ya zo, ragowar kilo 25 daga ƙasar gonar aka ɗebo shi. Idan aka yi roro aka kai ƙwaya kasuwa, aka naɗe harawa aka ɗora a mota zuwa Kano ko Dutse, abin da ya rage wa gonar shi ne saiwa da ganyen da ya kaɗe. Sau da yawa wannan iyakarsa ya mayar da abin da aka ɗiba, wani lokacin ma bai kai ba. Ga gyaɗa abin ya fi muni, tun da tuge ta ake yi har da saiwa. Shi kuwa waken suya, kowane tan na ƙwayarsa kan fita da wajen kilo 60.

Ba wanda zai ce wa manomin Kwandiko ya bar harawa a gona ta ruɓe. Kuɗi ce, musamman a bazara da gabanin Babbar Sallah lokacin da masu turke ke nemanta ido rufe, kuma wanda ya bar ta a fili dabbobin wasu ya tara wa. Wasu nau'o'in waken gargajiya irin su kanannado ma don harawarsu ake riƙe da su. Bambancin yana ga inda dabbar da ta ci harawar take kwana. Idan a gidan manomin take, aka tara kashinta a inuwa tare da shimfiɗar da ta tsotse fitsari, aka kwashe a mangala ko amalanke aka mayar gona kafin shuka, wani kaso mai kyau na naitirojin ɗin ya dawo gida, har da fosfaras. Idan aka bar takin a rana da ruwa watanni, mafi yawan naitirojin ɗin cikin fitsarin kan bi iska ya koma inda ya fito. Idan kuwa harawar birni ta tafi, gonar ta yi wa wani aiki ne.

Yawan shukar ma abin dubawa ne. A haɗin gargajiya wake tsilla-tsilla yake a ƙarƙashin inuwar dawa, ga shi sukarin da ake biyan bakteriya da hasken rana ake haɗa shi. Waken da ba ya ganin rana ba shi da abin biya. Wannan ne ya sa masanan IITA na tashar Kano, ƙarƙashin B.B. Singh, suka gwada tsarin kunya biyu na hatsi da kunya huɗu na wake, a riƙa musanya musu wuri kowace shekara. Waken na samun haske, feshin maganin ƙwari na sauƙi, ɗan takin da ke akwai a zuba shi a kunyoyin hatsi kaɗai, dawar baɗi kuma ta hau inda wake ya sauka.

Ko da lissafin naitirojin ya tashi babu riba babu faɗuwa, juya shuka na da wata fa'idar. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya fi ƙarfi a gajiyayyiyar ƙasa, kuma irinsa kan yi shekaru a kwance yana jiran ya ji saiwar dawa ko masara. Saiwar wasu nau'o'in waken suya da gyaɗa na tsatso abin da ke ruɗinsa ya tsiro, ya rasa inda zai kama, ya mutu. Sai dai wake na da nasa ƙudujin na daban, shi ya sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da IITA suka fitar da nau'o'in SAMPEA masu jure masa.

Gawo da danginsa

Ba a gonar wake kaɗai cinikin ke gudana ba. Gawo ɗan dangin wake ne, yana da ƙullutai, ga shi da wata ɗabi'a da ta sa ya zama abokin manomi: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ba ya tare wa gero rana, ganyensa na ruɓewa daidai lokacin shuka, dabbobin da ke hutawa a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo, kuma a yankunan Zinder da Maraɗi manoma sun dawo da miliyoyin itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar renon tohon da ke fitowa da kansa. Bagaruwa da dakwara su ma suna wannan hulɗar. Ɗorawa da tsamiya kuwa, duk da cewa 'ya'yansu a kwanso suke kamar wake, ba sa yin ƙullutai. Riɗi da zoɓo, waɗanda Jigawa ta yi suna da su, ba dangin wake ba ne ko kusa, masu ɗiba ne kawai.

Burin da masana suka fi daɗewa suna nema shi ne dawa da masara da shinkafa su koyi wannan cinikin. Wani ayarin masana ƙarƙashin Farfesa Giles Oldroyd a Ingila ya nuna cewa hatsi na da wani ɓangare na hanyar sadarwar da wake ke amfani da ita, domin da ita suke hulɗa da wasu fumfunan ƙasa masu taimaka musu tsotsar fosfaras. A 2018 kuma aka wallafa bincike a kan wata masarar gargajiya ta tsaunukan Oaxaca a Meziko, mai fitar da yauƙi a saiwoyin da ke jikin karanta, inda bakteriya ke zama tana kamo mata naitirojin. Har yanzu dai babu irin hatsin da ke yin ƙullutu a gonar kowane manomi a duniya.

Daga Ibadan zuwa kasuwar Sara

Abin da ke hannu a yau shi ne garin bakteriya na shafa wa iri. IITA na sarrafa na waken suya a Ibadan da sunan NoduMax, a ƙananan ledoji. Baƙin gari ne mai laushi, kowane giram ɗauke da miliyoyin bakteriya masu rai. Ana ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro, wanda Jigawa ke samarwa daga dakwara, ko ruwan sukari, a barbaɗa garin a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a shanya a inuwa na ɗan lokaci, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Kuɗinsa a hekta bai kama ƙafar na buhun taki ɗaya ba. Kowane amfanin gona da nasa: na waken suya ba ya yi wa gyaɗa aiki.

Rauninsa shi ne rai gare shi. Buhun yuriya na iya shekara a shago, wannan kuwa watanni kaɗan yake yi, kuma zafi na kashe shi ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Wasu magungunan da ake gauraya iri da su don kare shi daga ruɓa da ƙwari su ma suna yi masa illa idan aka haɗa su kai-tsaye. Daga Ibadan zuwa Gwaram tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma lokacin da ya kamata kayan su iso, Afrilu zuwa Yuni, shi ne lokacin da zafi ke haura digiri 40 a cikin shagon kwano. Manomin da ya sayi ledar da ta mutu a hanya ba shi da yadda zai gane sai bayan mako shida, ranar da ya tsaga ƙullutu, kuma da wuya ya sake saye. Tabbatar da ingancin irin waɗannan kayan yana wuyan hukumomin tarayya masu rajistar kayan noma, kai su ga manomi da nuna masa yadda ake amfani da su kuma aikin malaman gona na JARDA ne da kamfanin JASCO na jihar. A gida, wanda ya saya da wuri kan iya adana ledar a rufe cikin tukunyar ƙasa, a ɗaki mai sanyi kusa da randa, ya duba ranar ƙarewar aikinta kafin ya buɗe.